Abin da na fita da shi daga teburin rance

Tunda labarin ajiye aikina ya riga ya zaga reshen bankinmu, gara abokan aiki su ji dalili daga bakina, musamman yaran da aka ɗauka bayan 2023 waɗanda suka tarar da sunana a jerin masu "mummunan fayil" ba su san mafarin abin ba.

Kowa ya tuna yadda muka shiga waccan shekara. Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sanar da sauya fasalin naira a Oktoban 2022, aka sa wa tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. A jiharmu ta Sakkwato, inda mai kawo wake daga ƙauye bai yarda da komai ba sai kuɗi a hannu, ciniki ya tsaya cik, masu POS suna sayar da naira da naira. Biyan bashi a reshenmu ya faɗi warwas, hedkwata kuma ta fara kira safe da yamma.

Dabarar manajanmu ita ce a rufe ramin da manyan rance. Maimakon mata masu ƙuli-ƙuli da masu kayan miya na Tsohuwar Kasuwa, a tattara kuɗin a ba wasu 'yan kasuwa ƙalilan masu bin hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni ta Nijar, masu fitar da albasa su shigo da wake da dabbobi, a kan gajeren wa'adi. Alƙaluma za su yi kyau kafin ƙarshen zango, shi ke nan. Na rubuta masa takarda na ce kasafin 2023 bai tanadi kuɗin tallafin fetur ba sai zuwa watan Yuni, manyan 'yan takara duka sun ce za su cire shi, kuma ribar mai albasa a kuɗin mota take rayuwa ko ta mutu. Na nemi a rarraba kuɗin, a tsawaita wa'adi. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta, ya ce, "Malam, jami'in rance muka ɗauka, ba gwamnan Babban Banki ba." Na ce, "Yallaɓai, a dai sa ta a fayil." Ya ce za a sa. Fayilolin kuwa duk da sa hannuna suka wuce, domin ni ke riƙe da yankin.

Ranar 29 ga Mayu Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Tsakiyar Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 a kasuwar hukuma. Sefa a ɗaure take da yuro, saboda haka duk wanda zai sayo rago a Ƙonni sai ya ƙara naira a kan kowace jaka. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Bazoum, shugaban Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, aka garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. Juyin mulki dai ba wanda ya hango shi, ni ma ban ce na hango ba. Amma maganar fetur a rubuce take, ko mai sauraron rediyo ya san da ita.

Da kwamitin hedkwata ya zo, takardata ba ta cikin fayil. Manaja ya zauna gefe yana kaɗa kai kamar mai jimami, ya ce ya amince da ƙwarewar ma'aikacinsa ne. Na fito da kwafina mai hatimin karɓa. Shugaban kwamitin ya duba, ya ce wannan "maganar cikin gida ce". Ni aka ba takardar tuhuma, aka dakatar da ƙarin girmana, aka mayar da ni karɓo bashi. Shi kuwa shekara ba ta zagayo ba aka ɗaga shi zuwa ofishin shiyya.

Karɓo bashin nan ne ya koya mini tattalin arziƙin da ba a koyarwa a aji. Akwai wani dattijo a Illela da motocinsa biyu suka maƙale a bakin iyaka da albasar da za a kai Ghana ta cikin Nijar. Ya ja ni bayan gida ya buɗe buhu guda. Ruwa ne baƙi ke tsiyaya ta ƙasa, ƙuda sun rufe, warin ya bi rigata har Sakkwato. Ya ce, "Ɗana, ni ban ci kuɗinku ba. Iyaka anka rufe, kuma ba a yi shawara da ni ba." Na ce, "Baba, na sani." Amma takardar da ke hannuna ba ta da gurbin rubuta hakan. Daga baya ya sayar da fili ya biya, domin irin mutanen nan sun fi tsoron a ce sun mutu da bashi fiye da tsoron kotu. Wannan ne karo na biyu da ya sha irin haka, don an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

Ni ban ce tallafin fetur abin riƙewa ba ne. Mu da ke kusa da iyaka mun ga jarkoki suna tsallakawa dare da rana, mun san wa ke cin moriyarsa. Farashin dala iri biyu, na hukuma da na bayan fage, ma masu hanya kaɗai ya azurta. Abin da na ƙi shi ne a sauke manyan matakai a jere cikin 'yan watanni a kan jihar da binciken Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya ce kashi 91 cikin 100 na mutanenta suna cikin talauci ta fuskoki da dama, mafi yawa a ƙasar, ba tare da an tanadi motocin haya masu sauƙi ko takin da zai kai hannun manomi ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai zo ba sai Yulin 2024, kuma mai albasa ba ya cikin masu karɓarsa.

Yanzu ana cewa abubuwa sun fara daidaita, kuma akwai ƙamshin gaskiya: naira ta daina tsalle-tsallen da ta yi a farkon 2024. Sai dai ku lura da alƙaluma. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, a Janairu aka ce 24.48, kuma sauya ma'auni ne ya kawo yawancin wannan ragin. Mudun gero bai san an yi ba. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 don ya kare naira. To, mu da muke aro mu ba da aro, nawa za mu ɗora wa mai noman rani a Goronyo, wanda dama da ƙyar ya yarda ya shigo banki saboda ƙyamar riba? Ga gabashin jihar, Isa da Sabon Birni, inda manomi ke biyan 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa. Muddin wannan harajin na daji bai tsaya ba, sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ba za su sami abin kirki da za su tara a can ba.

Sauran a taƙaice. Kada ka sa hannu a kan abin da ka ƙi da baki. Ka aika ƙorafinka ta imel, ka sa wani na sama a kwafi, hatimin sakatare bai isa ba. Ka je kasuwar Illela ranar Lahadi ka tambayi direbobi kuɗin mota kafin ka buɗe kowane fayil. Kada ka zuba kuɗin reshe a hanya ɗaya, ko da wa ya ce.

Wanda zai gaje ni zai tarar da fayilolin yankin a kabad na biyu, kowanne da bayanin dalilin jinkirin biya a bango na ciki, da rubutun hannuna. Na ji an ce tsohon manajan namu ne zai jagoranci horon auna haɗarin rance na bana. Waɗanda za su je su tambaye shi labarin Illela.