Filasma huɗu da suka rufe mini gidan gem

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya shigo da waya a hannu, ya ce, "Kawu, duba wannan." Hoton talabijin ce mai inci 55, irin wadda ake kira 4K. Wai zai sayar da ƙaramar da ke ɗakinsu, ya haɗa da ɗan abin da ya tara a aikin hutu, ya karɓo ta don ya riƙa buga PS3 ɗinsa da wata tsohuwar PS2 da ya gada wajen yayansa. Na tambaye shi ko ya taɓa jona su a irin wannan ya gani. Ya ce, "Haba Kawu, sabuwa ce fa." Sai na ji gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin wannan magana.

Na taɓa riƙe gidan gem a wani ɗan shago a bakin layinmu. PS2 huɗu, benci biyu, da tsofaffin talabijin huɗu masu ƙaton gindi, waɗanda mutum ɗaya ba ya ɗaga su sai da nishi. Ƙwallo kawai ake bugawa. PES 6 ta fito tun 2006, amma yara ba su sake ta ba shekara da shekaru, kowa na rigimar ɗaukar Inter saboda ƙafar hagun Adriano. Daga la'asar har a tashi isha'i benci ba ya zama babu kowa. Da wannan shagon na yi lefe.

Sai filasma ta cika kasuwa. Na ɗauki adashe na haɗa da bashi, na sayi huɗu, na sayar da tsofaffin a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Kuma kada wani ya ce kwaɗayin birgewa ne kawai. Tsofaffin nan suna shan wuta, janareta na kuka da su, shagon ya yi zafi kamar gidan burodi. A wurin mai sayarwa kuma na ga hoto da idona, har ciyawar filin wasa kana iya ƙirgawa. Wa zai ga wannan ya ƙi? Abin da ban tambaya ba shi ne me aka jona mata a lokacin. Ba PS2 ba ce.

Daren farko aka cika shago ana kallon bango. Da aka kunna sai kowa ya yi shiru. 'Yan wasa sun yi faɗi kamar an zauna musu a ka, domin hoton PS2 na tsohon fasali ne, 4 bisa 3, ita kuwa ta ja shi ya cika 16 bisa 9. Lambar bayan riga ta dagule, gefen layin fili ya zama haƙoran zarto. Na ce ido ne bai saba ba.

Bayan kwana biyu wani yaro da ba a cin sa a layin ya ajiye fad, abin dannawar da ake riƙewa a hannu, ya ce, "Oga, fad ɗin nan ya mutu, ina dannawa ba ya ji." Na yi masa faɗa, na ce an ci ka ne kake neman dalili. Na biyu ya faɗa, na uku ya faɗa. Na sayo sababbin fad. Na zargi janareta. Na zargi faya-fayan. Har na kori wani da na ce shi ke zuga sauran, kuma wannan korar ita ce ta fi damuna har yau, don gaskiya yaron ya faɗa. Kafin wata uku sun koma wani shago a bayan masallaci, inda tsofaffin talabijin suke nan daram.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya warware mini, bayan aikin gama ya gama. Ya ce tsohuwar talabijin ba ta tunani. Abin da waya ta kawo mata, nan take take zana shi layi-layi a gilashi. Sabuwa kuwa tana da adadin ɗigo tsayayye, sai ta karɓi hoton, ta miƙe shi, ta yi masa kwalliya, sannan ta nuna. Hoton PS2 ɗigo wajen dubu 300 ne kawai. Talabijin mai 1080 tana da sama da miliyan 2, mai 4K sama da miliyan 8. Sauran ɗigon duk ƙirƙiro su take yi da ka. Ƙari a kan haka, yawancin wasannin PS2 rabin layuka suke turowa, sannan ɗaya rabin ya biyo baya, dole ta ɗinke su. Ga kuma wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, wadda ke cusa launi da haske duka cikin rawayar ita kaɗai. Tsohon gilashi yana rufa wa wannan asiri, sabo yana tona shi.

Duk wannan aiki lokaci yake ci. Wasan da ke fitar da hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto bai kai milisakan 17 ba, alhali milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya. Talabijin da aka bar wa duk kwalliyarta a kunne tana iya makara da milisakan 100, wato hoto shida. Mai kallon fim ba zai taɓa sani ba. Mai jiran ƙwallo ta sauko ya buga ta kafin ta taɓa ƙasa, shi a yatsansa yake jin abin. Shi ya sa ma bindigar nan ta harbin agwagwa ta Nintendo ba ta aiki a filasma sam. Dattijon ya karɓi rimot, ya shiga saiti, ya danna wani abu da aka rubuta Game Mode, wanda ke kashe yawancin kwalliyar nan. Nan take fad ya farfaɗo. Wata shida abin yana cikin rimot ɗin da ke aljihuna.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, amma ba su kai ba. Kada ku sayi talabijin don gem sai kun ɗauki na'urar da wayarta kun je an jona a gabanku, kun buga da hannunku. In kun kawo ta gida, ku kunna Game Mode kafin komai, ku kashe abin da ke ƙara santsin motsi. Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Minti biyu ne. Amma ku yaran yanzu ba kwa buɗe saiti, sai dai a ciro daga kwali a ɗauki hoto a sa a WhatsApp. Inci nawa ne, shi ke nan tambayarku.

Mai PS2 kada ya sayar da tsohuwar talabijin. Ko da yake da tsadar man fetur ɗin nan, ban san da wane baki zan ce wa mutum ya kunna ta da janareta ba. To ya nemi waya mai kai biyar, kore da shuɗi da ja da na sauti biyu, in sabuwar tana da ramukansu, don da yawa yanzu an daina sa musu. Ya mayar da hoton 4 bisa 3, ya haƙura da baƙin da zai gani a gefe. Mai PS5 kuwa ya sayi 4K abinsa, don ita aka yi ta. PS3 tana da HDMI, wayar da ake jona wa sababbin talabijin, za ta yi kyau daidai gwargwado, sai dai hoton wasanninta da yawa 720 ne, bai ma kai 1080 ba, kada a sa rai da yawa.

Ɗan ƙanwata ya saurare ni yana latsa waya, ya ce zai yi tunani. Na san wannan tunanin. Na ce masa ranar Litinin ya sako PS2 da PS3 da wayoyinsu a jaka, ni zan biya kuɗin adaidaita, mu tafi shagon tare.