An share daga rajista, amma yana nan kan faifai

Kwanakin baya faifan sabar da muke ajiye kwafin bayanan ofis a kai ya cika maƙil, alhali a lissafina tsofaffin kwafi sun daɗe da cinye wa'adinsu. Muna amfani da Bacula, manhajar ajiye kwafin bayanai da Kern Sibbald ya soma rubutawa a shekarar 2000, kuma sai da na bi diddigin lamarin kafin na gano inda gizo yake saƙar.

Bacula tana riƙe abu biyu daban. Akwai rajista, wadda muke ajiyewa a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, inda ake rubuta sunan kowane fayil da ranar da aka kwafe shi, sannan akwai kundin da ainihin bayanan suke ciki, a faifai ko a tef. Idan ba a taɓa saitin asali ba, sunayen fayiloli suna kwana 60 a rajista, bayanin aikin kwafi kwana 180, kundi kuwa kwana 365. Abin da ban lura da shi ba shi ne, cikar wa'adi rajista kaɗai take shafa. Kundin yana nan da nauyinsa har ranar da manhajar ta buƙaci wuri ta sake rubutu a kansa. Shi ya sa ma bscan, wata ƙaramar manhaja da ke zuwa tare da Bacula, take iya karanta tsohon kundi ta dawo da sunayen da aka share.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kwamfutocin da muka daina amfani da su. Sharar rajistar da Bacula take yi da kanta tana zuwa ne bayan an gama aikin kwafi na wannan kwamfutar, don haka wadda aka kashe aka jingine, babu mai waiwayar ragowarta. Laifin nawa ne, domin ni na cire su daga jadawali ban share bayansu ba.

Yanzu na sa umarnin Action On Purge = Truncate a kan kundayen faifai, wato izinin rage girman kundin da aka share bayanansa daga rajista, ina kuma kiran umarnin truncate daga bconsole, inda ake ba Bacula umarni, domin kundin da aka wofintar ya saki wurin da ya tare, sannan lokaci-lokaci ina bin rajista da dbcheck, manhajar da ke duba ta tana share ragowar da ba ta da amfani. Batun ya wuce ƙarancin wuri, tunda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake buƙatarsu ba, kuma a ɗaya daga cikin kundayen nan na tarar da takardun albashin ma'aikatan da suka daɗe da barin aiki.