Kekuna goma sha biyu a bakin teku

Kekuna goma sha biyu gare ni, da yara biyu masu taya ni aiki, da rumfa ɗaya daidai inda hanya ta fara. Sana'ata hayar kekunan hawan dutse ce, in kuma baƙo ya nemi rakiya, ni ko ɗaya cikin yaran sai mu zagaya da shi. Hanyar zagaye ce: ta tashi daga bakin ruwa, ta hau tudu, ta bi saman gaɓa inda kake hango teku can ƙasa, ta faɗa kwari, ta sake hawa, har ta dawo da kai inda ka taso.

Kowa ya zo, tambayarsa ta farko ita ce, "Kilomita nawa ce?" In na faɗa sai ya yi murmushi, wai yakan yi ninkin haka a kan kwalta. Nakan ce masa, "Yallaɓai, hawan za ka tambaya." Duk rafin da ke neman teku ya yanka wa kansa kwari, kai kuma dole ka sauka cikinsa ka fito ta ɗaya gefen. Gajerun hawa ne masu tsini, wani na bin wani, kafin numfashinka ya dawo daga na baya na gaba ya tare ka. Tudun da ake ce wa kashi 10 cikin 100, ma'anarsa kowace mita 100 da ka ci ka ɗaga sama mita 10. A baki ba komai ba ne, amma a kan tsakuwa, tayar baya na zamewa, cinya ce ke ba da labari.

Ga kuma iska. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke samanta ta tashi, ta teku ta kwararo ta maye gurbinta, shi ya sa ta fi ƙarfi bayan rana ta karkata. Don haka nake son mutane su fita da sassafe. Akwai wani yanki da hanyar ke ratsa rairayin gaɓa, can kuwa sai da izinin ruwa. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50, shi ya sa jadawalinsa ke manne a ƙofar rumfa. In ya janye, jiƙaƙƙen yashi na ɗaukar taya sarai; busasshen kuwa sai ka sauka ka tura.

Amma hawan keke shi ne ƙaramin rabo a wannan sana'a. Babban rabon wanki ne. Gishirin teku ba ya jira keke ya taɓa ruwa, a iska yake zuwa, ya kwanta a kan sarƙa da kusoshi, ka bar keke kwana biyu ka tarar tsatsa ta fara ja. Yashi kuma in ya haɗu da mai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙoran giya a hankali. Duk keken da ya dawo, ko awa ɗaya ya yi, sai an wanke shi da ruwa mara gishiri. Na hana yarana amfani da injin feshi mai ƙarfi, domin yana tura ruwa cikin boris ya kore giris, ka ga keke na ƙyalli alhali cikinsa na lalacewa. Bokiti, soso da buroshi sun wadatar. A busar da sarƙa, a ɗiga mai a kowace gaɓa, sannan a goge na sama tas. Wannan gogewar ce sabon yaro ke ƙi, gani yake ɓarnar mai ce, alhali man da ya rage a waje shi ke kiran yashi.

Akwai ɗan ƙarfen awon sarƙa, in ya nuna ta miƙe da 0.5 cikin 100 nakan canja ta nan take, don tsohuwar sarƙa ba ta mutuwa ita kaɗai, da giyar baya take tafiya. Shokozobar gaba kuma masu ƙera ta na son a buɗe ta a sake mata mai wajen kowace awa 50 ta aiki, kuma keken haya ba ya daɗewa bai cika wannan ba.

Birki ne ba na bar wa kowa. Ko asalin wasan kekunan hawan dutse ma da birki ya faro. A shekarun 1970 wasu matasa a yankin Marin na Kalifoniya, can Amurka, inda tuddai ke kallon teku, suka riƙa gangarowa da tsofaffin kekuna masu kaurin taya. Tserensu na 1976 kusa da garin Fairfax sunansa Repack, wato "sake cusawa" da Turanci, domin kafin a kai ƙasa zafin birki ya ƙone giris ɗin cibiyar tayar baya, sai an sake cusa wani. Cikin matasan akwai Joe Breeze da Gary Fisher, waɗanda suka yi suna wajen ƙera irin waɗannan kekuna, kuma a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Yau birkin faifai muke da shi, mai aiki da mai, yatsa ɗaya ya isa ya tsayar da kai. Sai dai ɗigon mai ɗaya a kan faifan ya isa ya kashe takalmin birkin.

Wannan ƙarfin nasa shi ne haɗarinsa ga wanda bai saba ba. Shekarata ta biyu, wani bawan Allah ya zo da la'asar yana sauri, ya ce ya iya keke tun yana yaro, na miƙa masa ba tare da gwaji ba. A gangara ta uku, ga gajiya ga tsakuwa, ya damƙe birkin gaba gaba ɗaya, ya wuntsila ta kan keken, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Ni na ɗauko shi, kuma har yau abin na damuna, don laifina ya fi nasa.

Tun ranar ba mai fita sai ya yi minti goma a filin gaban rumfa. Ya sa hular kwano, in daidaita masa sirdi, in rage iskar taya yadda za ta kama ƙasa. Ya koyi matsa birki biyu a hankali kafin kwana, ya miƙe a kan feda ya ja jiki baya in zai gangara, ya sauya giya tun kafin tudu ya kama shi, ya kuma san mai gangarowa ne ke ba mai hawa hanya. In na ga hannunsa na rawa, nakan ce, "Malam, yau rabin hanya za mu yi, ni zan raka ka." Wasu kan ji haushi su tafi, na yarda da wannan asarar.

Da yamma nakan tsaya bakin rumfa ina ƙirga masu saukowa daga tudun ƙarshe. Sai na goma sha biyu ya shigo nake cewa yara su ɗebo ruwa a fara wanki.