Godiya daga gidanmu, bayan wata biyar ƙafa ba ta taka ƙasa ba

Salama a gare ku ƴan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Maƙwabta da abokan sana'a na nan Damagaram, Musulmi da Kirista, ina gaishe ku da gaisuwar ban girma.

Shekaranjiya na taka keken ɗinki da ƙafata ta dama, karo na farko tun cikin azumi. Bakin zanen uwargida kawai na kalmasa. Amma da na ji allura tana tafiya, sai na kifa kai a kan keken, hawaye suka zubo. Da na koma gida na ce mata lokaci ya yi da zan yi godiya a bainar jama'a. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar ba ta yi ƙarfin bin gida-gida ba tukuna, kuma waɗanda suka yi mana alheri sun fi ƙarfin ƙirgata.

Ga waɗanda labarin bai kai musu daidai ba. Wata ranar Lahadi da la'asar ina dawowa a kan babur daga wani ƙauye bayan Miriya, inda muka je sujada da ƴan'uwa, tayar gaba ta nutse cikin rairayi, na faɗi, babur ya danne ni, ƙashin cinya ya karye. Ba wanda ya buge ni, ba kuma wanda nake riƙe da shi a zuciya. Wani bawan Allah mai amalanken shanu ne ya tarar da ni. Yana azumi, rana ta ƙwalle, amma ya sauke karan da ya ɗauko a gefen hanya, ya ɗora ni, ya kai ni bakin kwalta, bai tafi ba sai da ya ga an sa ni a mota. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Malam, in wannan saƙo ya iske ka ta bakin wani, Allah Ya saka maka da alheri, Ya tsare maka shanunka da iyalinka.

A likita aka ɗauki hoto, lokotoro ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma a nemo masu ba da jini. Kafin uwargida ta gama share hawaye, matasan ikkilisiya sun cika baranda. Aka gwada, na mutum biyu ya yi daidai. Na uku ɗan Alhaji maƙwabcina ne, wanda ya jira aka sha ruwa, ya yi sallar magariba, sannan ya hau kabu-kabu ya zo ya miƙa hannu. Yau jinin mutum uku ne ke gudu a jikina tare da nawa. Ga lokotoro da ya yi aikin, da majo, da masu jinya na dare, da matar da ke goge ɗakin tun asuba tana yi mana sannu ɗaya bayan ɗaya, na gode. Waɗanda kuma suka ba da shawarar a kai ni wurin mai ɗori, na san ƙauna ce ta sa, ban ɗauke ta da wata manufa ba.

Abin da ya fi yi mini wuya ba zafin ƙashi ba ne, kuma shi nake so in daɗe a kansa.

Shekara da shekaru ni ne mai kai wa mutane. In an yi rasuwa ni ke kan gaba, in wani ya kwanta ni ke tara masa gudummawa, rigunan mawaƙa ni na ɗinka ban karɓi ko dala ba. A zatona wannan shi ne tawali'u. Sai ga ni kwance rigingine, ko juyawa ba na iyawa sai an juya ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani saurayi da na koyar a makarantar Lahadi tun yana ƙarami ya zo da bokiti da soso, ya ce, "Baba, Fasto ya ce ni ne da safiyar yau." Na daka masa tsawa, na ce ya fita. Ya fita, ya zauna a bakin ƙofa da bokitinsa har rana ta ɗaga, bai tafi ba.

Da Baba Fasto ya zo, bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe Yohanna sura 13, inda Ubangiji ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro yana wanke ƙafafun almajiransa. Ya tambaye ni, "Dattijo, a cikinsu wa ya ƙi?" Na ce Bitrus. Ya ce, "To, Bitrus ɗin nan da ya ce ba za a taɓa wanke masa ƙafa ba, shi ne daga baya ya rubuta wa ikkilisiya cewa su yi ɗamara da tawali'u ga junansu." Ya nuna mini wurin, 1 Bitrus 5:5. Ya ce kalmar da aka yi amfani da ita a asalin Helenanci ta ɗaura tufa ce a jiki, irin yadda bara ke ɗaura gyauto in zai shiga aiki. Ni tela ne, na san bambancin rigar ado da rigar aiki. Nan na gane cewa duk shekarun nan hannuna a sama yake, ina bayarwa ana gode mini, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda na sani. Na sa aka kira yaron. Ya wanke ni ranar, ya ci gaba da zuwa sau biyu a mako har na fara zama. Ɗana, na roƙe ka gafara a ɗaki, ina sake roƙonka a nan inda kowa zai gani.

Akwai daren da na yi wa Allah tambaya da zafin rai. Na ce daga aikinKa nake dawowa, ba daga yawo ba, don me? Azumi ne, shago cike da yadin mutane na Sallah, shi ne lokacin da tela ke samun abin da zai riƙe gida wata da watanni. Ga kuɗin lakkwal na yara, ga haya. Na faɗa wa Fasto wannan ba tare da ɓoye komai ba. Ya karanta mini 1 Bitrus sura 4 aya 12, inda Bitrus yake cewa kada mu yi mamakin gwaji mai zafi kamar wani baƙon abu ne ya same mu. Kuma ya yi mini gaskiya, ya ce wannan wasiƙa an rubuta ta ne ga masu bi da ke warwatse a Fantus da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, ƙasar Turkiyya ta yau, waɗanda ake zagi ana tsananta musu saboda sunan Almasihu. Karayar ƙafa a rairayi ba tsanani ba ne, kada in ɗora wa kaina rawanin da ba nawa ba. Amma ya ce aya 7 ta sura 5 ba ta ware kowa ba: a zuba dukan damuwa a kan Allah, domin yana kula da mu. Na ji daɗin da bai shafa mini mai a baki ba.

Mu Kiristocin Damagaram mun san wancan gwajin ma. Ba wanda ya manta Juma'ar 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan. Ranar a gidan Alhaji muka ɓuya, ni da uwargida da yara, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna har gari ya lafa. Amma wancan na ɗauke shi a tsaye. Na kwashi toka, na ɗauki bulo, na ɗinka sababbin labule. Wannan karon an karɓe mini ƙafar da nake tsayawa da ita, ba abin da ya rage mini sai in karɓa.

Kuma na karɓa, daga inda ban taɓa tsammani ba.

Akwai wata tsohuwa a ikkilisiyarmu da ke zaune a Kara-Kara. Kuturta ta cinye mata yatsu tun tana budurwa, a Danja kusa da Maraɗi aka yi mata magani ta warke. Shekaru ina kai mata hatsi da sabulu in Kirsimeti ya zo, kuma Allah Ya gafarta mini, a idona ita mai karɓa ce kawai. Da aka sallamo ni gida, cikin zafin watan Afrilu da kowa ya san yadda yake a garin nan, ga duwatsu sun ɗauki rana suna mayarwa har tsakar dare, sai ga Iya da maficinta. Da dungulmin hannuwanta biyu take maƙale shi. In kuran ya ɗauke, ta yi ta yi mini fifita tana rera waƙoƙin sujada a hankali, tana addu'a tana kiran sunayen ƴaƴana ɗaya-ɗaya. Wata rana na ce, "Iya, ki huta haka nan." Ta ce, "Ɗana, bar ni. Abin da aka ba ni ke nan." Na sha koyar da 1 Bitrus 4:10, cewa kowa ya yi wa ɗan'uwansa hidima da baiwar da ya samu, kamar amintaccen wakili na alherin Allah iri-iri. A bakin Iya na ji fassararta. A da in an ce baye-bayen Ruhu, hankalina kan tafi ga mai wa'azi da mai koyarwa, alhali a Romawa sura 12 Bulus ya jera mai hidima da mai ƙarfafa zuciya da mai bayarwa da mai nuna jinƙai a layi ɗaya da su.

Zumuntar mata, ban san da wane baki zan gode muku ba. Kun raba kwanaki a tsakaninku, tukunyar gidanmu ba ta kwana da sanyi ba: tuwon hatsi, dambu, kwaɗon zogale, fura da nono da rana. Wadda ba ta da abin dafawa ta zo ta yi wanki. Ma'ajin ikkilisiya ya buɗe littafi, kowace jikka da ta shigo daga nan ko Maraɗi ko Yamai ko Kano ya rubuta, kowace takardar magani ya liƙa, ya kawo mini lissafi ba dala ɗaya da ta ɓata. Wannan ma baiwa ce, kuma ta kare mutuncin kowa.

Sai maganar ruwa. Wanda bai zauna a Damagaram da bazara ba ba zai gane girman wannan alheri ba. Gari ne a kan dutse, ruwan da muke sha daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma in zafi ya yi tsanani famfo kan yi kwanaki shiru. Mai jinya kuwa ruwa yake ci, ga wanka ga wankin zannuwa. Mai garuwar unguwarmu kullum da asuba sai ya ajiye bido biyu a ƙofar gida kafin ya fara sayarwa. Da uwargida ta miƙa masa kuɗi ya ce, "Madam, bari sai maigida ya tashi." Na tashi, na aika masa, ya dawo da su.

Abokan sana'ata teloli, kun rufa mini asiri. Kun zo kun kwashe yadin da ke shagona, kun raba a tsakaninku a kan naku aikin da ya riga ya yi muku yawa, kuna kwana a kan keke bayan asham. Ba mai kaya ko ɗaya da ya yi Sallah ba da sabuwar rigarsa ba, kuɗin ɗinkin kuma kuka kawo wa iyalina cif. Yaran shago biyu da suka riƙe mabuɗi wata biyar da amana, Allah Ya ba ku naku shagon. Masu kaya da suka yi haƙuri da ɗinkin da ba hannuna ba, na gode.

Maman yara, ke na bari a ƙarshe don ban san ta inda zan fara ba. Kin kwana a tabarma a ƙasan gadon likita mako uku. Kin sha faɗan da ba ki yi laifin komai ba, lokacin da zafi da baƙin ciki suka sa harshena ya yi kaifi. Kin sayar da akuyarki ba ki gaya mini ba, sai a bakin yara na ji. Ki yafe mini. Allah Ya ba ni kwanaki da ƙarfin da zan yi miki ko kaɗan daga abin da kika yi mini.

Tun 1924 da masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM suka sauka a garin nan, masu bi ba su taɓa yawa a Damagaram ba, har yau ƴan kaɗan ne mu. Amma a wata biyar ɗin nan ɗakina bai taɓa zama ba kowa ba, kuma rabin masu shigowa da sallama daga masallaci suke fitowa. Mai martaba Sarkin Damagaram da malamai da limamai da ke ta kiran a zauna lafiya, Allah Ya ƙara musu ƙarfi, domin mu a unguwa mun ga amfanin kiran.

In Allah Ya kai mu Lahadi ta ƙarshen wata, za mu yi sujadar godiya a majami'armu da safe, bayan an tashi kuma akwai ɗan abin taɓawa a gida, ƙofa a buɗe take ga kowa, maƙwabta ku ne kan gaba. Har yanzu ina ɗingishi, lokotoro ya ce ƙarfen zai daɗe a jiki kafin a yi maganar cire shi, don haka kada ku daina yi mini addu'a.

Roƙo biyu nake da su. Akwai kwanuka da kuloli da bido da suka taru a gidanmu, mun rasa na wane ne da wane, don Allah masu su su zo su duba, ko su aiko yara. Na biyu, yaron da muka kwanta gado kusa da gado, wanda aka kawo daga wajen Tanut da karaya irin tawa, har yanzu yana can, mahaifiyarsa kaɗai ke jinyarsa kuma ba su san kowa a garin nan ba. Sandunan da na yi tafiya da su na aika masa jiya. Ranar Alhamis da yamma ni da Iya za mu je duba shi, wanda yake da hali ya same mu a gida bayan la'asar mu tafi tare.