Wasa Biyar Na Yi a Kujerar Koci

Shekara uku na yi ina mataimakin koci a wata ƙungiya ta rukuni na biyu a nan Kano, ƙungiyar wani attajiri da ba zan kira sunansa ba. Aikina ɗaukar buhun ƙwallaye, jera robobin atisaye tun kafin rana ta fito, sai kuma sauraron koke-koken yara. Maigidana dattijo ne da ya fara taka leda tun zamanin da ake kai ƙwallo wurin baduku idan ta fashe. Baba Koci kowa yake ce masa.

Wata rana bayan atisaye muna zaune a teburin mai shayi a Ƙofar Mata, katangar filin wasa na Sani Abacha na kallonmu, sai ya ce mini: "Yaro, duk ranar da ka sa hannu a kwantiragi, kada ka kwance jakarka. Koci baƙo ne." Na yi dariya, don a lokacin muna na uku a tebur. Bai yi dariya ba. Ya shiga lissafa mini da yatsu. Shu'aibu Amodu sau biyu yana sama wa Najeriya gurbin gasar cin kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, kuma duka biyun wani ne ya zauna a benci da aka je. Stephen Keshi ya ciwo kofin Afirka a 2013, a 2015 aka raba shi da aikin. Claudio Ranieri ya ɗauki kofin Firimiyar Ingila da Leicester a 2016, abin da har yau masu gidan kallo ke jinjina wa, amma watan Fabrairun 2017 bai ƙare ba sai da aka sallame shi. "To ni wane ne?" in ji Baba, ya kurɓi shayinsa.

A lokacin na ɗauka zancen sakamako yake yi, wato in ka ci ka zauna, in an ci ka ka tafi. Sai da abin ya faru a gabana na gane cewa takardar sallama ita ce ke zuwa a ƙarshe. Aikin koci yana mutuwa ne tun da wuri, a ɗakin sauya kaya, kuma 'yan wasa su ne suke fara jin warin gawar.

Ga yadda tamu ta kasance. An ci mu wasa biyu a waje, muka yi canjaras a gida. Albashi ya yi wata biyu bai shigo ba, alawus na wasa kuwa an daina ma maganarsa. Alhaji mai ƙungiyar ya zo fili da yamma, ya tara kowa, a gaban yara ya ce ya ba Baba wa'adin wasa uku. Wannan wa'adin wasa uku ya zama ruwan dare a ƙwallon ƙasar nan, kuma ban taɓa ganin inda ya gyara wani abu ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya sanar da duk ɗan wasan da ke benci cewa ya yi haƙurin mako uku, mai ajiye shi zai tafi. Washegari mutum huɗu suka makara. Ba wanda ya yi rashin kunya, ba wanda ya ɗaga murya. Sai dai in Baba ya busa usur, a da gudu ake zuwa, yanzu tafiya ake yi.

A wasa na biyu cikin ukun, an tafi hutun rabin lokaci ana cinmu ɗaya. Yara na zaune a ƙasa, gumi na zuba, ana miƙa ruwan leda. Baba ya durƙusa yana zana musu da alli yadda za a toshe gefen hagu. Sai sakatare ya shigo da waya a hannu, ya ce Alhaji ne. Ɗakin ya yi tsit har muna jin muryar daga cikin wayar: "Ka sa yaron nan mai lamba tara." Yaron nan mako biyu ke nan Baba ya ajiye shi saboda ya fice daga sansani da dare. Baba ya yi shiru kamar na daƙiƙa biyar, sannan ya ce, "To, ranka ya daɗe." Na dubi kyaftin, na ga ya sunkuyar da kai yana kwance igiyar takalminsa yana sake ɗaurewa, alhali ba abin da ya same ta. Mun farke ƙwallon, wasan ya tashi ɗaya da ɗaya, kuma mai lamba taran ne ma ya ci. Amma daga ranar kowa ya san akwai wata ƙofa a bayan Baba, kuma an san lambar wayarta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi ya sa nake murmushi in na ji ana kawo misalin Alex Ferguson a gidan kallo, wai shi ba ya ɗaukar raini. Gaskiya ne, amma mutumin ya zo Manchester United a 1986, bai ɗauki kofi ba sai 1990, kuma aka bar shi. Da ya ga dama a 2003 aka sayar da David Beckham, masu ƙungiya ba su ce masa uffan ba. Kwarjinin nasa ne, amma katangar da ya jingina da ita ta wasu ce.

Da aka sallami Baba, ni aka ba riƙon ƙwarya. A nan nawa laifin ya fara, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo in na tuna. Na shiga da tabbacin cewa yaran nan suna ƙaunata. Ba ni suke kawo wa kuka ba? Ba ni nake ranta musu kuɗin Adaidaita Sahu ba? Wasan farko muka ci biyu da nema, aka ɗaga ni sama. Ban san cewa haka ake yi wa kowane sabon koci ba: allo ne aka wanke, kowa na gudu don yana ganin yanzu rigar ta kowa ce.

Amma muna da 'yan wasa sun haura talatin, goma sha ɗaya ne kuma za su shiga fili. Mataimaki yana iya cewa kowa "ka cancanta", don ba shi ke rubuta suna ba. Ni kuwa na ci gaba da bakin mataimaki alhali biron koci ne a hannuna. Na yi wa mutum biyu alƙawarin gurbi ɗaya a tsakiya. Na ce wa yara alawus zai fito ranar Juma'a, don haka aka faɗa mini, ban tsaya na tuna cewa ba a aljihuna kuɗin yake ba. Juma'a ta zo ta wuce. Kyaftin ya same ni bayan Magariba a ƙofar sansani, cikin ladabi ya ce: "Koci, Baba bai taɓa ce mana za a biya ba. Cewa yake ya je ya tambaya, ga abin da aka ce masa." Bai ƙara komai ba. Ashe dattijon da nake ganin ya cika tsauri, abin da ya riƙe yaran da shi ke nan har tsawon shekara uku: bai taɓa sayar musu da abin da ba shi da shi ba. Cikin mako biyu koke-koken da a da ake kawo mini a kan Baba suka koma wurin mai wankin riguna, a kaina.

Da na san darajar kyaftin ɗin nan tun farko, da shi na fara zama kafin na busa usur ko sau ɗaya. Manyan 'yan wasa sun fi koci saiwa a ƙungiya. Dubi Kano Pillars: kofin gasar ƙasa huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, a hannun koci uku, Kadiri Ikhana da Baba Ganaru da Okey Emordi. Duk sun yi aikinsu sun wuce. Amma ka tsayar da yaro a Fagge ko Gwammaja ka ce ya kira maka sunan wani a Sai Masu Gida, wato Pillars, ɗan wasa Rabi'u Ali zai fara cewa. Kocin da ya shigo yana ganin zai nuna wa irin waɗannan iko a makon farko, jakarsa ma ba sai ya sauke daga mota ba.

Wasa biyar na yi: ci ɗaya, canjaras biyu, aka doke mu biyu. A Facebook na ga hoton sabon koci yana riƙe da rigarmu, kafin sakatare ya kira ni da awa uku.

Yanzu yaran unguwa nake horarwa a filin Mahaha, ina kuma ɗan kasuwancina a Kantin Kwari. Ko a wasan sada zumunci, wanda zan ajiye a benci nakan ja shi gefe tun daren jajibere in faɗa masa dalili, ido da ido. Wayata kuwa a kashe take daga an fito ɗumama jiki har a tashi.

Bara wani Alhajin ya aiko a kira ni, yana son in karɓi ƙungiyarsa. Na fara biyawa ta gidan Baba Koci, na same shi a soro yana sauraron rediyo. Ya ce in nemi abu biyu a rubuce: ni kaɗai zan fitar da sunayen masu buga wasa, kuma duk maganar da za a yi a kan aikina a ofis za a yi ta, ba a gaban yara ba. Na je na faɗa. Alhaji ya yi dariya, ya ce ai wannan ba matsala ba ce, zai sa a buga takardar a kira ni ranar Litinin. Da na koma na ba Baba labari, sai ya tambaye ni ko an ce wace Litinin.