Na haddace manyan kalmomi, ƙanana suka ba ni kunya

Ƙannena na zango, musamman ku da kuke babbar sakandare (SHS) yanzu ko kuka gama kuna neman abin yi, turancinku ya kai inda kuna gane labarai a rediyo amma in aka ce ku buɗe baki sai harshe ya sarƙe, ku matso ku ji wautar da yayanku ya yi wataƙila wani ya tsira.

Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, ƙasar Ghana, nan aka yanke min cibiya, kuma kamar yawancinmu da yaruka rututu na tashi, Hausa a gida, Twi a kasuwa, buroka (wato Pidgin) a bes, majalisar da muke zama da abokai, Larabci a makaranta. Turanci shi ne na ƙarshe a layi, sai an shiga aji ake tunawa da shi. To da na ga ina baya sai na ce ai na san maganin abin, hadda. Yadda muka haddace surori gaban malam haka zan haddace turanci. Na sayi tsohon ƙamus wajen masu baza littafai a bakin titi, na samu littafin rubutu, na fara daga harafin A, kalma goma kullum bayan asuba. Wallahi na yi wajen shekara a kan haka kuma ban wuce harafin C ba. Amma fa ku ji irin kayan da na tara, abhor, acquiesce, belligerent, cantankerous. A bes har Furofesa suke ce min, ni kuma kaina ya kumbura, wai ni mai brofo, wato turanci.

Ranar WASSCE, jarrabawar gama sakandare, na kwashe su duka na juye a takardar insha'i, ko sun dace ko ba su dace ba. Sakamako ya fito, D7. Kun dai san jami'a C6 take nema a turanci, sai da na sake zaman jarrabawar a Nov/Dec, ta masu zama da kansu, kuɗin rajista kuma daga cinikin kokon mahaifiyata ya fito, abin da har yau in na tuna nakan ji wani iri.

Duk da haka ban gane inda ciwon yake ba sai da na fara aiki a wani shagon gyaran waya a Circle cikin Accra. Wata rana wata mata ta kawo wayarta gilashin ya tsage, maigida ya fita, ni kaɗai ne. Ina so in ce mata gilashin ne kawai ya tsage za a canza, na laluba kaina kaf babu kalmar tsagewa, sai bakina ya ce mata your screen is demolished. Matar nan ta zaro ido ta ɗauka wayar ta tashi aiki ke nan. Yaron shagon kusa da mu, wanda ko ƙaramar sakandare (JHS) bai gama ba, shi ya leƙo ya ce madam it's only cracked. Cracked fa, kalmar da ke cikin harafin C ɗin da nake taƙama da shi, na tsallake ta saboda a ganina ta yi ƙanƙanta. Haka na yi ta cin karo da loose da tight da refund da faulty, ga receipt da nake furta p ɗin ciki da ƙarfina alhali ba a faɗinsa.

Inda na fi shan kashi shi ne fassara kai tsaye daga Hausa. Mu kalma ɗaya takan ɗauki kaya da yawa. Ɗauki ji, ka ji magana, ka ji wari, ka ji sanyi, ka ji turanci, duk ji ne. Su kuwa sun raba, hear daban, smell daban, feel daban, understand daban. Batir ya ƙone a shago na ce I hear the smell, aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sha ma haka, ruwa ne ake drink, magani take ake cewa, taba kuma smoke. Ara min da na ara duk tushe ɗaya ne a wajenmu, shi ya sa borrow me your charger ta zauna mana a baki, alhali mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa shi ke borrow. Sai kuma yi, wadda ta rabu gida biyu, make da do, kuskure make a mistake ne, aikin gida do homework, kuma kar ka tambaye ni dalili, haka suka ga dama. Ruwa mai ƙarfi ma ba strong rain ba ne, heavy rain suke cewa. Wato kowace kalma tana da abokan tafiyarta, in ka haddace ta ita kaɗai kamar ka sayi takalmi ƙafa ɗaya ne.

Su get da take da put kuwa da na raina, ashe nan turancin yake kwance. Get on ka hau trotro, motar haya, get off ka sauka, get over ka warke daga wani abu da ya dame ka. Put off ka ɗage abu zuwa wani lokaci, put up with ka yi haƙuri da abin da ba ka so, take after ka yi kama da wani babba a gidanku. Mutum zai wuni yana hira da waɗannan bai taɓa belligerent ko sau ɗaya ba.

Abin da na koma yi mai sauƙi ne har kunyar faɗinsa nake. Na zauna a tsakar gidanmu na kalli duk abin da ido ya sauka a kai na tambayi kaina sunansa. Tsintsiya na sani, bokiti na sani, ludayi fa? Murfin tukunya? Sakatar ƙofa? Shiru. Ladle, lid, bolt. Na koma kan aikatau, ɗauraye kwano rinse, matse wanki wring, ɓare lemu peel, zubar da shayi bisa kuskure spill. Biyar kawai a rana, kuma ba na rubuta kalma tsirara, sai cikin jimlar da ta shafe ni, misali ƙanwata ta zubar da koko a kan tabarma, haka zan rubuta da turanci. Washegari in duba, bayan kwana uku in sake, bayan sati in sake, irin tilawar da muka saba, a nan ne tarbiyyar makaranta ta yi min rana. In kana son jagora akwai jerin da ake kira Oxford 3000, kyauta ne a intanet, an jera kalmomin daga matakin farawa (A1) zuwa matsakaicin mataki na sama (B2). Kuma ka lura, ƙamus ɗin Longman na masu koyo da kalmomi wajen 2000 kacal yake bayanin duk sauran, ni da na ji wannan sai da na yi tagumi na tuna shekarata guda.

Kunne ma ya samu aikinsa. Da safe a shago in kunna Joy FM ko Citi FM, ba don siyasar ba, don in kama kalma ɗaya ko biyu da yadda aka jera su, in na samu tsohuwar Daily Graphic in karanta shafin wasanni tunda na riga na san labarin ƙwallon. Buroka kuma ban ce ku yar ba, yare ne mai zaman kansa kuma shi ke sayar da kaya a kasuwar Kantamanto, kawai ka san yaushe kake cikinsa yaushe ka fita. I'm coming da muke faɗi muna tafiya ina zuwa ce tamu sak, baƙo daga waje zai tsaya yana kallonka ne, I'll be right back zai gane. Sannan a kula da p da f, tsohon ciwonmu ne Hausawa, na taɓa zuwa neman copy na takarda mai shagon ya ce ba sa sayar da coffee.

Za a yi muku dariya a bes, za a ce wane ya fara brofo, ni ma an yi min, kuma masu dariyar yanzu su ke turo min takardar neman aiki in duba musu. Littafin dai har yanzu yana aljihuna, na cika na bakwai. Jiya ma wani kwastoma ya ce min cajarsa tana flicker, na gyaɗa kai kamar na gane, yana fita na zaro biro.