Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Lambar Boma

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya sayar da lambar Malam Tsoho. Wasu a gida sun ce in bar maganar tunda Baffa ya rasu. Allah ya jiƙansa, amma ba zan bari ba. Tauraron Boma ne fa, mai tsini shida, wanda tsohon nan ya sha ruwan sama da cizon sauro a dajin Arakan kafin ya samu, yana runduna ta 81, masu hoton gizo a kafaɗa. Baffa ya haɗa da fasassun langa ya miƙa wa 'yan gwangwan, wai "tagulla ba ta cika tukunya".

Haushin maganar nan ne ya jefa ni zubin rezin, wato ruwan roba mai daskarewa, don in yi kwafin lambar, ba son sana'a ba. Wani dattijo a bayan barikin Bukavu ya ara min lambar mahaifinsa ta kwana biyu, sai da na bar masa kekena jingina. A gwangwanin kifi na kwantar da ita na zuba silikon, robar da ke ɗaukar siffa, ya zama mazubi. Zubin farko cikin hunturu ne, hazo ya rufe Dala, sanyi ya hana shi daskarewa. Na ƙara hadina, wato maganin da ke daskarar da shi, da gayya, ya ɗau zafi ya tsage. Na uku kuwa duk kumfa, da tsinken sakace na riƙa fasa su ɗaya-ɗaya. Fenti ma sai daga baya na gane kansa: baƙi a ƙasa, sannan a goga ruwan tagulla da buroshin da ya kusa bushewa, sai kambin Sarki Joji ya taso. Ƙyallen, ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe, na karaɗe Kantin Kwari babu, Ummi ce ta harhaɗa min a keke.

Yau 'yan fim ke sallama a shagona neman bajen soja. Shi kansa Baffa, kafin ciwo ya kwantar da shi, kuɗin lamba ya karɓa a hannuna ya yi cefanen sallah. Wai ba ta cika tukunya! Ban tanka ba, na dai ƙirga masa a hankali.

Af, na tsallake ranar da na kai wa Inna lambar da na zuba. Ta jujjuya, ta ɗora a tafin hannu ta jinjina.

"Ɗan nan, ta Malam ta fi wannan nauyi."

Duk da haka ta ƙulle a bakin zane. Washegari da sassafe ina Ƙofar Ruwa neman garin ƙarfen da zan cuɗa a zubi.